Keji Mai Farin Ƙyalle

Duk wanda ya san Hureira tun tana gidan mahaifinta a Ƙaraye, da za a ce masa wata rana za ta durƙusa tana dama wa ƙuda abinci, cewa zai yi mai maganar ba shi da lafiya. Mace ce da ba ta haɗa hanya da ƙuda ba ko kaɗan. In ɗaya ya sauka a bakin kofinta, ta haƙura da abin da ke ciki ke nan. Mahaifiyarta takan ce tsabtar Hureira ta zama fitina, don yarinyar har tsintsiya take wankewa in ta gama shara. Abin da ya sa ake ɗauke mata kai shi ne hannunta na da albarkar kiwo. Kaza ba ta lalacewa a wurinta. Tun tana budurwa maƙwabta ke kawo mata ƙwan zabi ta sa wa kazarta ta kwanta a kai, in an ƙyanƙyashe a raba. In 'yan tsaki suka rasa uwa, ta san kazar da za ta karɓe su. A wurinta kiwo ba wani dogon lissafi ba ne, kada dai a wayi gari akurki wayam.

Ta yi karatun koyarwa, ta ɗan taɓa aiki a firamare, sannan ta auri Muttaka, malami a wata kwalejin aikin gona. Dogo ne siriri, mai sanyin hali, amma Allah ya jarrabe shi da son bayani. In ka tambaye shi ko mangwaron nan ya nuna, to ka nemi wurin zama. Mahaifinsa yana da garkar gwaiba da mangwaro a bakin ruwa, kuma tun Muttaka na yaro yake ganin abu ɗaya duk shekara: gwaiba ta yi kyau a ido, a fasa ta a tarar da tsutsa. Wani ɗan ƙuda ne mai ratsin rawaya yake huda ta ya zuba ƙwai. Tsohon ya sayo maganin feshi a kasuwa, bana ya yi aiki, baɗi ya yi rabi, shekara ta uku ƙudan ya yi wanka da shi ya tashi abinsa. Wannan baƙin cikin na ubansa shi ya zame wa Muttaka karatu, shi ne kuma ya kawo su Kuala Lumpur da tallafin gwamnati, shi da Hureira da 'yarsu Zuhra tana goye.

Sun kama gida a Pantai Dalam, hawa na uku a wani dogon bene da jirgin ƙasa ke wucewa ta bayansa. Hureira ta koyi abin da zai fisshe ta. Ta san kedai, wato kantin, da ake samun attaruhu mai zafi, ta iya cewa a yi mata tapau in tana so a ƙunshe mata abinci ta tafi da shi, ta yi ƙawa guda, Sakinatu, matar wani ɗalibi a hawa na sama. Abin da ya fi damunta a garin ba zafi ba ne, ba kuma ruwan da ke tsugewa kullum da la'asar ba. Rashin abin kiwo ne. Gida ba ko ɗan tsako, ita kam ba ta ga inda ya cika gida ba.

Shi kuwa Muttaka ya samu abin da yake so. In ya dawo daga jami'a sai ya baje takardu a tabarma ya fara. Yawancin littattafan da yake karantawa a kan gonakin wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi wai shi ceri, wanda shi ma ƙuda ke addaba, kuma a can aka fi gwada magunguna aka rubuta. Sai ya yi ta jero mata su. Akwai tsohon maganin feshi mai araha, amma yana kashe har da ƙudan zuma. Akwai wanda ake gaurayawa da abin zaƙi a ɗiga a ganye kaɗan, ƙudan ya zo da ƙafarsa ya lasa. Akwai tarkon da maza kawai yake ja. Ga kuma dabarar manoman ƙasar nan, da suke bin gwaiba ɗaya-ɗaya suna naɗe ta a takarda. Damuwarsa ita ce wanne ne zai daɗe yana aiki a gwaiba da mangwaron ƙasar zafi kafin ƙudan ya saba da shi, da kuma lokacin da ya kamata manomi ya canja. Rannan har ya sayo cerin a ɗan roba don ya ga abin da yake ta karantawa. Hureira ta ɗanɗana ɗaya ta yamutsa fuska.

"Malam, wannan ai kanya ce ta yi boko."

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ci gaba da bayaninsa daga inda ya tsaya.

Da annoba ta zo aka kulle gari, jami'a ta rufe. Ranar da za a sa kwaɗo, sai ga Muttaka ya shigo da yamma shi da abokin karatunsa Abdulgani, kowa rungume da keji na raga mai girman kwalin taliya. Hureira ta leƙa ta ga abin da ke yawo a ciki, ta ja da baya.

"A gidana, Malam?"

"Two weeks ne kawai, Maman Zuhra. Lab ɗin suka rufe, in na bar su can mutuwa za su yi. Supervisor ta ce boleh, ba matsala."

"Ita ta ce boleh, ai ba a ɗakinta za su kwana ba."

Sati biyun nan sai da ya haura shekara. A buɗe jami'a a rufe, a buɗe a rufe, har Muttaka ya gaji da jigila ya bar su a ƙaramin ɗaki dungurungum.

Keji ɗaya an ɗaura masa farin ƙyalle, ɗayan ja. A ido ƙudajen ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra, amma a kan bambancinsu karatun Muttaka duka ya tsaya. Na farin ƙyalle zuriya ce da malamarsa ta kamo a wani daji inda feshi bai taɓa kaiwa ba, aka yi ta renonsu shekara da shekaru, tun kafin a haifi Zuhra, ba su taɓa shaƙar magani ba. Na jan ƙyalle kuwa 'yan'uwansu ne da Muttaka ya ware, duk haihuwa sai ya ba su magani kaɗan, waɗanda suka tsira su hayayyafa, har suka zama 'yan taurin kai. Da farin ake auna jan, a san iya nisan da ƙuda ya yi wajen sabawa da magani. In babu farin, babu ma'auni. Ragowar fararen da aka bari a jami'a kuwa sun ƙare a kullen farko, don haka na ɗakin Hureira su kaɗai suka rage.

Ya yi mata wannan bayanin, kada a zalunce shi. Ya yi shi tiryan-tiryan a bakin ƙofar kicin, sai dai a lokacin injin markaɗe na kunne, ita kuma ta daɗe da koyon cewa "to" da "Allah sarki" a inda suka dace ba tare da ta ji komai ba. Laifin na mai yawan bayani ne, ranar da ya faɗi abin da ya kamata a ji, an riga an gaji da saurarensa.

Ta kafa doka cewa ba za ta taɓa su ba, kuma ba a shiga kicin ɗinta da hannun da ya taɓa su. Amma mai kiwo ba ya iya kawar da ido. Tana wucewa ta ƙofar ɗakin take ganin yadda yake yi. Ya dama sukari da yis ɗin burodi a murfin kwalba, ya jiƙa auduga da ruwa, ya yanka gwaiba ya sa musu su zuba ƙwai. In tsutsa ta ƙoshi sai ta faɗo cikin yashin da ya shimfiɗa a roba, ta dunƙule ta zama kamar ƙwayar alkama. Ya tankaɗe yashin da rariya, ya mayar da ƙwayoyin keji, bayan 'yan kwanaki su fashe sabbin ƙudaje su fito. Wata rana ba ta san lokacin da bakinta ya suɓuce ba.

"Audugar nan ta bushe tun safe, kai kana nan kana karatu. Haka ake kiwo?"

Ya ɗago ya dube ta yana murmushi. Ta harare shi ta wuce, amma daga ranar ita ke tuna masa ruwansu.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah a shekara ta biyu ta annobar, Muttaka ya kwanta da zazzaɓi. Lokacin garin ya rikice, ba ka jin komai a titi sai jiniyar motar asibiti. Ya yi ta cewa mura ce, har ranar da ya kasa kaiwa banɗaki ba tare da ya dafa bango ba. Da masu fararen kaya suka zo ɗaukarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki. Mutumin da ba ya gajiya da magana, ranar kalmominsa a ƙirge suke fita.

"Maman Zuhra, amana. Sukari, yis, ruwa. Gwaiba duk bayan kwana biyu. Kada ki bari su mutu. Saura gwaji ɗaya na gama."

"Ka ji da kanka, Malam. Ba abin da zai same su."

Aka ɗaura mata da Zuhra abin hannu na masu zaman killace, aka ce ko ƙofa kada su leƙa. Sakinatu ke rataye musu abinci a marfin ƙofa, da ledar gwaiba, ta ƙwanƙwasa ta gudu. Hureira ta ɗaure hanci da gyale ta shiga ƙaramin ɗaki, ta zura hannu cikin kejin da ta rantse ba za ta taɓa ba. Ƙudajen suka sauka a yatsunta. Tsigar jikinta ta tashi, amma ba ta janye ba.

Bai yi sati a asibiti ba wani yaro a benen ya kamu da zazzaɓin denggi, wanda sauro ke kawowa. Al'adar garin ce in haka ta faru a turo masu feshin hayaƙi su bi bene hawa-hawa. Gab da magariba ta ji ana shela da lasifika da Malayanci, a buɗe ƙofofi da tagogi hayaƙi ya shiga. Ko ba ta saurari bayanin Malam ba, ta san abin da ke kashe sauro ba zai bar ƙuda ba. Ta rufe ko'ina, ta jiƙa zannuwanta ta cusa a ƙarƙashin ƙofa, har da sabuwar atamfar da ta ajiye don Sallah. Sai dai tagar ƙaramin ɗakin irin mai jerin ƙananan gilasai ce, ɗaya ya daɗe da tsagewa. Injin ya wuce ta baranda yana ruri, farin hayaƙi ya turnuƙe, warinsa ya cika gidan duk da zannuwan.

Da gari ya waye ta shiga ta duba. Kejin jan ƙyalle suna ta harkarsu kamar ba a yi komai ba. Kejin farin kuwa ƙasansa ya yi baƙi da gawa. 'Yan ƙalilan ne suka rage manne da raga, ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma da ƙyar suke motsi. Ta zauna a ƙasa ta rasa abin da ke mata daɗi. Mutum yana can yana kokawa da numfashi, abu ɗaya ya roƙe ta, ga shi tun ba a je ko'ina ba rabi ya tafi. Ta ɗauki waya za ta kira Abdulgani, ta tuna shi ma matarsa na kwance, ta ajiye. Kuma a ganinta wannan ba matsalar da za a tashi mutum a kanta ba ce. Ta sha ganin irinta a akurki.

Ta share gawarwakin. Ta ɗauko robar yashin jan keji ta tankaɗe, ƙwayoyi suka taru a rariya masu yawa, ta raba biyu ta juye rabi a farin keji. Yadda take sa wa kaza ƙwan zabi, haka ta yi, da bisimilla da kyakkyawar niyya. Ba ta san cewa a wannan juyewar ta gama da abin da aka yi shekaru ana tsarewa ba. Hayaƙin ya bar 'yan tsirarun da wataƙila za su iya tayar da zuriyar. Hannunta mai albarka ne ya ƙarasa su.

Bayan kwanaki ƙwayoyin suka fashe, farin keji ya cika ya batse. Ranar ta ci abinci da daɗi.

Washegari wata ma'aikaciyar jinya ta kira ta a waya mai hoto, ta riƙe wa Muttaka. Ya rame, robar iska ta rufe masa rabin fuska. Ya tambayi Zuhra, aka nuna masa ita. Sannan ya ɗan janye robar.

"Na ga a group an yi fogging. Mutanena fa?"

Ta juya wayar ta nuna masa kejin biyu, kowanne na ta zirga-zirga. Ta ga idonsa ya buɗe.

"Har farin?"

"Har farin. An yi hayaƙin, amma na san yadda na yi."

Ya buɗe baki, da alama tambaya zai yi, irin tasa mai tsawo. Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, a hankali, "Kin fi ni iya kiwo, Hure." Bai taɓa kiranta haka a gaban mutane ba. Ma'aikaciyar ta mayar masa da robar ta ce ya isa haka.

Ba su ƙara magana ba. Ya rasu bayan Sallah da 'yan kwanaki, ranar wata Talata da hantsi. Ba a kawo shi gida ba, ba a bar kowa nasa ya yi masa wanka ba. Abdulgani kaɗai aka yarje wa ya tsaya daga nesa a maƙabarta, ya ɗaga waya don ta gani. Abin da ta gani mutane ne cikin fararen robobi suna sauke wani abu a rami, hoton na yankewa yana dawowa. Ta yi ta ƙura ido ko za ta gane tsawonsa, ba ta gane komai ba. Gaisuwa duk a waya aka yi. Babu tabarma a ƙofar gida, babu wanda ya dafa kafaɗarta. Wannan ya ci mata rai fiye da yadda take iya faɗa, kuma hawayen ma ƙin zuwa suka yi yadda ya kamata.

Ta yi takabarta a gidan, ita da yarinya da ƙudaje. Abdulgani ya gaya mata malamar Muttaka, Farfesa Rohana, ta yi alkawari: in aka buɗe jami'a za su ƙarasa gwajin da ya rage da ƙudajensa, a buga aikin da sunansa, har ma a nema masa shaidar digirin ko bayan ransa. Hureira ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta riƙa hango ranar da za ta je garkar tsohon ta ce masa ga abin da ɗanka ya gano, ga maganin da za a fara da shi, ga lokacin da za a canja. Saboda haka ba ta taɓa fashin ba su abinci ba, ko ranar da ita kanta ba ta sa komai a bakinta ba. Farin kejin ta fi ji da shi, don shi ne wanda ta ceto. In ta ga ya ɗan ragu sai ta ƙara masa daga jan.

Sakinatu, da bakinta ya kama "lah" ɗin da mutanen garin ke rufe magana da shi, takan leƙo ta tsaya a bakin ƙofa da takunkumi. "Ke da ko ƙuda ɗaya ba kya bari a falo. Yanzu kin zama uwarsu lah."

"Amana ce, Maman Hisham."

Da aka sassauta kulle jami'a ta buɗe, Abdulgani ya kira zai zo ya kwashe su. Ta ce ya bari ta fita takaba. Ba wani dalili ba ne, ba ta son rabuwa da su ne. Su kaɗai ne a gidan suke buƙatar abin da Malam ke yi da hannunsa, kuma in ta shiga ɗakin da safe takan ji kamar ya fita ne zai dawo.

Ranar da suka zo ta gama haɗa akwatuna, saura kwanaki su tashi zuwa Kano. Farfesa Rohana gajeriyar dattijuwa ce mai ruwan tokar mayafi. Ta cire takalmi a ƙofa, ta kama hannun Hureira da hannayenta biyu ta daɗe ba ta saki ba. Da aka kai ta ƙaramin ɗaki ta sunkuya tana duba kejin, ta yi ta girgiza kai tana magana da Turanci, Abdulgani na ƙarasa wa Hureira inda ya wuce ta.

"Ta ce ko a lab ba ta taɓa ganin sun yi lafiya haka ba. Ta ce ta ɗauka farin ba zai kai labari ba, don ba sa jure komai."

Daɗi ya kama Hureira, irin wanda ta manta da shi tun kafin Sallah. Ta gyara mayafi.

"Ai saura kaɗan su ƙare. Lokacin da aka yi hayaƙin sauro duk suka zube, 'yan kaɗan suka rage. Shi ne na ɗebo 'ya'yan wancan na zuba musu. Ka gaya mata tun daga nan ban bari ya ragu ba, da na ga ya yi ƙasa nake ƙarawa."

Abdulgani bai fassara ba. Ya tsaya yana kallon kejin. Farfesa ta dube shi ta tambaye shi me aka ce, ya faɗa mata a gajarce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Dattijuwar ta miƙe tsaye a hankali, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Hureira ta juya wajen Abdulgani.

"Baban Fatiha, mene ne?"

"Ba komai, Maman Zuhra. Kin yi ƙoƙari wallahi."

"Kada ka yi mini haka. Na ga fuskarta."

Sai ya gaya mata. Bai iya bayani kamar abokinsa ba, a 'yan kalmomi ya gama, kuma wannan karon babu injin markaɗe. Ta ji komai. Farin ba a haɗa shi da kowa, amfaninsa ke nan. Yanzu keji biyun duk abu ɗaya ne, ba abin da za a auna da wani. A sake samo irinsu a rene su kuwa aikin shekaru ne, kuma ba zai zama aikin Muttaka ba.

Ta dafa bango. "Waɗanda suka rage bayan hayaƙin, da na ƙyale su fa?"

Abdulgani ya so ya kauce, amma Farfesa ta gane tambayar ko ba fassara. Mace ce da ba ta iya ƙarya ba. Ta ce wataƙila da sun tashi, wataƙila da ba su tashi ba, Allah kaɗai ya sani. Ta ce za ta tattara abin da ya riga ya rubuta ta ga iya abin da za a fitar. Yadda ta faɗa ya nuna ba mai yawa ba ne.

"Ya tambaye ni," in ji Hureira. Ba da su take ba sosai. "Ya ce har farin, na ce har farin. Da wannan ya tafi."

Can ta tambayi abin da za a yi da ƙudajen. Abdulgani ya ce jan za su tafi da shi, ko zai yi wa wani ɗalibi amfani. Farin kuwa ba a sakinsu, don in suka shiga gonakin mutane magani ba zai kama su da sauƙi ba. A firiza ake sa su.

"Ba wuta ba dai?"

"A'a. Sanyi ne, barci suke yi su wuce. Za mu yi a can, ba sai kin gani ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauki kejin, ta riga shi dafawa.

"Shi ba a bar ni na tsaya a kansa ba. Waɗannan a bar ni."

Ya dubi Farfesa, ta gyaɗa kai. Suka ɗauki jan suka fita, ta ji saukarsu a matakala har ta daina ji.

Ta tura Zuhra wurin Sakinatu. Ta buɗe firiza ta fito da ɗan abin da ya rage a ciki, ta zare faifan tsakiya, kejin ya shiga da ƙyar bayan ta danne ragar. Kafin ta rufe ta ga audugarsu ta bushe, ta ɗauko ruwa ta jiƙa musu, ko da ta san ba shi da wani amfani. Sannan ta tura marfin ta zauna a ƙasan kicin ta jingina da shi.

Kukan da ya ƙi zuwa wata huɗu ya zo mata a nan, mai sauti, ba ta yi ƙoƙarin tare shi ba. Tana yi tana cewa, "Malam, ban ji ba ne. Da ka sake faɗa mini." Ba ta tashi daga wurin ba har aka kira la'asar a masallacin ƙasan bene.